Na tona asirin mai jinyar Ummata don in rufe nawa

Assalamu alaikum Anti, ke da masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma duk mai son zagina ya bari in kai ƙarshe, don wanda nake yi wa kaina ya fi naku zafi.

Ni haifaffiyar Makka ce. A Nakkasa na tashi, da aka rushe unguwarmu muka koma Zahir, ni da Ummata da Yayana. Umma ta samu shanyewar ɓarin jiki har magana ta ɗauke, sai Yaya ya ɗauko mata mai jinya ta hannun wani ofishin kawo 'yan aiki a Jidda, 'yar Sirilanka, takardarta ta ce Maryam, Musulma. Ga taurin kai, ga cika yaji a miya, Larabcinta kuwa sai haƙuri. Amma Umma ba ta karɓar loma a hannun kowa sai nata, har ni da ta haifa.

Na lura ba ta kashe kyankyaso, sai ta kife shi da kofi ta kai waje, kuma ban taɓa ganin ta yi alwala daidai ba. Wata rana muna tsintar shinkafa na ce, "Maryam, tsakaninki da Allah, ke Musulma ce?" Ta ce, "A'a, Madam." Ta ce addinin Buda take bi, kuma kowace safiya tana ɗaukar alkawari biyar: ba za ta kashe mai rai ba, ba za ta ɗauki abin da ba a ba ta ba, ba za ta kusanci mijin wata ba, ba za ta yi ƙarya ba, ba za ta sha abin da ke gusar da hankali ba. Na ce, "To takardarki fa, ba ƙarya ba ce?" Ta ce, "Mutumin ofis ya rubuta, na gani na yi shiru saboda 'ya'yana. Kullum na zo kan na huɗu sai harshena ya yi nauyi. Na ce ranar da aka tambaye ni zan faɗa. Ke kika fara tambaya."

Na san bai halatta ta zauna a Makka ba tunda ba Musulma ba ce. Da ranar na gaya wa Yaya, da an mayar da ita Jidda cikin mutunci ta samu wani gidan. Amma wa zai koma wanke kashi da fitsari? Ni. Sai na rantse mata ba wanda zai ji daga bakina.

A watan nan, wata la'asar, na aike ta wajen tela ta karɓo min abaya. Ta ce Umma tana kan keken marasa lafiya, kada a bar ta ita kaɗai. Na ce ke za ki koya min kula da uwata? Tana fita na shige ɗaki na kira wani mutum da Yaya ya hana ni kula shi. Ina cikin dariya na ji tim. Na fito na tarar da Umma a ƙasa, ƙugunta ya karye, ba ta ma iya ihu, hawaye kawai.

A asibiti Yaya ya tambaya, na ce ina wanka Maryam ta fice ba izini. Ya juya gare ta, ta ce, "Madam ce ta aike ni." Ledar abayar tana hannunta. Na ga fuskar Yaya ta fara canzawa, tsoro ya kama ni, sai na ji bakina yana cewa, "Yaya, maganar wannan za ka ɗauka? Tambaye ta addininta!" Anti, ta iya kalmar shahada, a bakina ta sha jinta. Da ta faɗa da ni ce zan zama maƙaryaciya. Ta dube ni, ta dube shi, ta faɗi gaskiya. Daga nan babu wanda ya ƙara tambayar wa ya aiki wa.

Da direban ofis ya zo ɗaukarta ba ta zage ni ba, ba ta kuma yi min sallama ba. Cewa kawai ta yi a riƙa sassauta kunun Umma, mai kauri yana shaƙe ta.

Yanzu tana tsare a ofishin, Yaya kuma ya rantse zai kai ƙara cewa sakacinta ne ya karya mana uwa, ban da shigowa Harami da takardar ƙarya. An ce za a iya ɗaure ta kafin a kore ta. Umma ta dawo gida ta ƙi cin abinci. Ta ji lokacin da na aiki Maryam, ta ji dariyata ta bayan ƙofa. Idan na kawo cokali sai ta datse baki ta kafe ni da ido, duk inda na juya a ɗakin idon yana bina. Na je Harami in roƙi gafara, na tsaya gaban Ka'aba na kasa ɗaga hannu. Wane abu ne cikin biyar ɗin nan addinina bai riga ya koya min ba tun ina makarantar allo? Ita da tsoron kurkuku ta riƙe nata, ni da nake jin kiran sallar Harami daga tagarmu na saki nawa saboda hirar waya.

Idan na faɗa, Yaya zai san na ɓoye masa addininta, zai san da mutumin nan, zai san ni na karya Umma. Yaya mutum ne mai zuciya, kuma ba ni da wani gida sai nasa. Idan na yi shiru, matar nan za ta shiga kurkuku a kan laifina, 'ya'yanta suna can suna jiranta. Ranar Lahadi Yaya zai je kai ƙarar, ya ce in shirya, ni ce shaidarsa.

Me zan yi?