Fuskar Baba a Bangon Coci

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki da yara, da fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Yaya ciwon gwiwar? Ina fata kin daina ɗaukar bokitin ruwa kamar yadda likita ya ce, ko da yake na san halinki. Mu nan lafiya, sai matata, uwar 'ya'yanki, da ke fama da mura. Ta ce in gaishe ki.

Kin tuna hoton Yesu da ke rataye a bayan bagaden cocinmu, mai gashi kamar gemun masara da idanu shuɗɗa, wanda muke tsoro muna yara don duk inda ka zauna kai yake kallo? An sauke shi. Sabon Fadanmu, limamin cocin, ya dawo daga karatu da hotuna cike da jaka, ya nuna mana bayan sujada. A wata ƙasa Yesu yana da ƙananan idanu, ya naɗe ƙafa a kan tabarma. A wata baƙi ne wuluk da suma mai yawa. A wata kuma ya yafa bargo irin na makiyayan kan duwatsu. Fada ya ce kowace al'umma da fuskarta ta zana shi, har waɗanda suka kawo mana wancan ma abin da suka yi ke nan. Tunda bikin 'yancin kai ya matso, kwamiti ya yanke a zana Yesu ɗan ƙasa, a jikin bangon kansa. Ni aka ba aikin, ni da ban wuce rubuta allon shago da bayan mota ba.

Na bi shi daki-daki. Na wanke bangon, na toshe tsagogi, na shafa farar ƙasa na jira ta bushe, sannan na raba shi gida-gida da zare na fara zane da gawayi. Riga da hannuwa ba su ba ni wahala ba. Fuska ce ta tsaya min. Na yi ta zama a bakin tasha ina kallon mutane, har mai shayi ya tambaye ni ko ɗan sandan ciki ne ni. Duk wadda na gwada sai ta fito kamar mai tallar sabulu.

Wata safiya na hau tsani ba tare da na shirya komai ba, na bar hannu ya tafi. Da na sauko na ja baya, sai ga Baba. Dogon hancinsa, faffaɗan goshin, da yadda yake karkatar da kai in ana masa magana tun da injin katako ya kashe masa kunne ɗaya. Na ɗauki tsumma zan goge na kasa. Kin san ba mu da hotonsa ko ɗaya. Shi da yake cewa kafinta ba ya tsayawa gaban kyamara, kujerarsa ce ke tsaya masa.

Yaya, ko zunubi na yi? Na yi ta tambayar kaina ko son kai ne. Amma Yesu mai karkatar da kai don ya ji mai magana, ban ga laifinsa ba. Ki fara neman izinin haye gadar kan iyaka tun yanzu, don an ce sun ƙara tsanani. Ina so ki gan shi da idonki ranar buɗewa.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Auta

*

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, takardarki ta iso, na kuma ji daɗi da kika ce kin yi kuka na farin ciki. Da na san abin da zai biyo baya da ban yi saurin rubuta miki ba.

Na gama fenti, 'yan kwamiti suka zo dubawa. Da na yaye zanen da na rufe bangon da shi, kowa ya tsaya yana kallo da sha'awa. Hedimasta, wanda shi ne shugaban kwamiti yanzu, har hula ya cire. Sai Mai-Kemis ya matsa kusa, ya gyara tabarau, ya ce, "Aiki ya yi kyau, Auta, amma wannan Yesun yana da takardar shigowa kuwa? Ai hancin nan na ƙetaren kogi ne." Aka yi dariya. Ni ma na yi, Allah ya yafe min.

Ashe ba wasa ba ne. Hedimasta ya mai da hularsa ya ce shi ma wani abu ya tsaya masa a rai tun farko, yanzu ya gane. Ya aika aka ɗauko littafin 'yan firamare, wanda aka zana mutum riƙe da tuta a bangonsa, aka rubuta ɗan ƙasa nagari a ƙasa. Ya ɗaga shi kusa da bango yana gwadawa kamar mai sayen akuya: hanci ya yi tsawo, launi ya yi haske, leɓe ya yi siriri. Wai kuma ɗan ƙasa ba ya karkatar da kai, miƙe wuya yake yi. Na so in ce masa wanda ya zana mutumin littafin nan ma wani mai fenti ne irina da aka ba aiki, bai taɓa ganin mai irin wannan fuskar ba.

Babu wanda ya ambaci sunan Baba, amma wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Dukansu sun gane shi. A kan bencin da ya ƙera suke zaune, Yaya. Shi ya yi wa Hedimasta gadon aure, shi ya gyara wa Mai-Kemis kanta lokacin da gara ta cinye ta, yana ce masa ɗan'uwa. Ya hayo kogin nan tun ba gada ba soja, lokacin da ba wanda ya san akwai nan da can. A bayan cocin nan aka binne shi. Yanzu rediyo ta wayi gari tana koya mana su wane ne 'yan asali, sai hancinsa ya zama baƙo.

Fada ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya tuna musu cewa shi kansa Yesu an tsallaka iyaka da shi yana jariri, ya zauna a ƙasar wasu. Mai-Kemis ya ce ai ya koma gida daga baya. Ya ƙara da cewa manyan gwamnati za su zo ranar biki, kada a ce cocinmu ya rataya fuskar maƙwabta a ranar ƙasa. Aka ɗaga hannu. Fada kaɗai ya bar nasa a cinya, ni kuwa ba ni da ƙuri'a.

Na ce to zan shafe fuskar in ɗora wata. Hedimasta ya ce a'a, ya san aikin bango, in damina ta yi nisa danshi yakan fito da abin da ke ƙasa. Sai dai a kankare har siminti. Abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Kin san inda tsohon hoton yake? Sun naɗe shi da farin yadi sun ajiye a ofishin Fada, wai kayan tarihi ne, kada ƙura ta taɓa shi. Wancan daga bayan teku ya zo, ya shekara da shekaru muna durƙusa masa, ba wanda ya taɓa auna hancinsa.

Uwar 'ya'yanki ta ce in yi abin da suka ce. Ta ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, don a makaranta an fara kiran babbar 'yarmu 'yar ƙetare. Ban yi fushi da ita ba. Na dai kwana biyu ina tsara abin da zan faɗa wa kwamiti, na jera dalilaina ɗaya bayan ɗaya, amma duk sanda na hango Hedimasta a hanya sai in ji bakina ya gaishe shi da ladabi. Wataƙila ni ne da laifi tun farko. An ce min ɗan ƙasa, ni kuma na ɗauka da mu a ciki.

Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Auta

*

Yayata,

Ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da shirun da na yi.

Kin ce in ƙi, in ajiye musu buroshinsu in tafi. Na gwada. Na je na ce wa Hedimasta ba zan iya ba. Bai ko ɗaga murya ba, ya ce ba komai ɗana, za a kira magini ya zo da guduma, aikin minti kaɗan ne. Da na yi tunanin guduma a goshin Baba, sai na ce a bari ni zan yi.

Da wuƙar shafe na yi. Na shimfiɗa buhu a ƙasa, na fara daga gemu na yi sama a hankali. Na bar idanu sai ƙarshe, ban sani ba ko hakan ya fi ko ya fi muni. Fada ya shigo ya tsaya a bayana, ya riƙe min tsani.

Sabuwar fuskar an gama ta. Kwamiti ne ya zana ta, ni hannu kawai na ba su aro. Wannan ya ce a rage hanci, wancan ya ce a ƙara duhu, matar Hedimasta ta ce a cika kumatu don kada baƙi su ce muna da yunwa. Ranar biki an tafa, wani babba ya ce yau ya ga kansa a bango. Ni ban ga kowa ba. Wuyansa a miƙe yake, idonsa a kan ƙofa, kamar mai gadin banki. Ran Lahadi na durƙusa na buɗe baki, sai na tuna wanda ya zaɓi leɓen da wanda ya zaɓi girar, addu'ar ta maƙale. Yanzu a bayan ginshiƙi nake zama.

Game da shawararki ta in zo in zana shi a cocinku, na gode, amma ke ma kin rubuta abin da dattawanku suka ce: wai Baba ya bar su tun yana saurayi, ya zama na gefenmu. To shi ke nan. Kada ki ƙara roƙon kowa. Izinin gadar ma ki bar shi, ba abin da za ki zo gani.

Abu ɗaya ne ya rage. Da na gama kankarewa na tattara garin da ya zuba a buhu, na juye a gwangwanin fenti na rufe. Ban iya na zuba shi a bola ba. Na kai shi bakin kabarin Baba, sai na ji kunya na dawo da shi, don ban san abin da zan ce masa ba. Yana nan ƙarƙashin gado. Uwar 'ya'yanki takan share ta kewaye shi, ba ta tambaya. Na san fenti ne kawai da farar ƙasa, na faɗa wa kaina haka ba sau ɗaya ba.

Ke ce babba, Yaya. Ki faɗa min inda zan kai shi.

Ƙaninki,
Auta