Facin da ya fi jirgin tsufa

Alhamis da dare, Bin Omran

Yau na sha dariya. Tun safe nake ɗakin tsohon jirgin ruwan kafil ɗina, wato maigidan da nake aiki a ƙarƙashinsa. Na liƙe tsagar bango da faiba, wato zaren gilas da gam, na yi ta ɗiga rawaya cikin farin fentin jelkot har launin ya zo daidai da na bangon. Ashe bangon datti ne da shi! Sani abokin aikina na goge shi da sabulu, hayaƙin turaren shekaru ya fita, bango ya koma fari fat. Facina ya tsaya kamar tabon miya a farar riga.

Kafil ya daɗe yana kallo, na ce a raina aikina ya tafi. Sai ya shafa wurin ya ce, "Khalas, bar shi. Haka launin ɗakin yake lokacin babana."