Sautukan Abah Talatin da Biyu

Bandung, 4 ga Maris

Gilang ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kuma jirgin ruwan nan bai juya maka hanji ba. Mahaifiyarmu Ambu tana gaishe ka. Ta ce a tambaye ka, fasinjojin suna sauraron kiɗanka kuwa, ko cin abincinsu kawai suke yi kana ta fama?

Albishirinka! Waƙoƙi biyar cikin takwas na kundinmu sun kammala. Na kai wa mutanen kamfani, wallahi shugabansu mai tumbin nan sai da ya miƙe ya taka rawa a ofis. Ya ce, "Kai, wannan ai bikin aure ne na 1986, har ƙamshin man gashi nake ji!" Ya tambaye ni wace manhaja muka samo. Na ce babu manhaja, tsohon fiyanon lantarki na mahaifinmu Abah ne, da sautuka talatin da biyu da ya haɗa da hannunsa cikin shekara talatin yana kiɗan biki. Babu su ko'ina a duniya sai cikin akwatin nan. Ka ji mu, mutum biyu da fiyanon mamaci, mun tayar da mai tumbi tsaye.

Sauran ukun sai a hankali. Ruwa ake ta yi, muryata ta dishe.

Allah ya tsare. Yayarka,
Wulan

A teku, 19 ga Maris

Teteh,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake. A gaishe da Ambu.

Muryarki ta dishe? Waƙa ta shida ai babu murya a cikinta. Kiɗa ne zalla a kan sauti na goma sha bakwai, wanda Abah ya sa wa suna Ambu. Tun Janairu na rubuto miki yadda za ki buga ta. Aikin yini ɗaya ne. Ita ce zuciyar kundin, ita nake so Ambu ta fara ji.

Na san ki, Teteh yayata. Duk ranar da wasiƙarki ta cika da barkwanci, akwai abin da kika fasa. Mene ne?

Ƙanenki,
Gilang

Bandung, 2 ga Afrilu

Gilang,

Sallama da gaisuwa. Sau huɗu ina fara wasiƙar nan ina yagawa.

Maɓallai biyu ne suke maƙalewa. Na ce bari in gyara kafin ka dawo, ka yi murna. Na ɗora fiyanon a bayan babur na kai wa Mang Oding mai gyaran rediyo. Da na koma ɗauka yana ta fara'a, ya ce, "Neng, 'yata, maɓallai sun gyaru. Na ga wani ɗan batir a ciki ya kusa tsiyaya, na sa miki sabo. Wannan kyauta ce, saboda marigayi."

Na yi masa godiya, Gilang. Har bala-bala, ƙosan kayan lambun nan, na saya masa.

Ban sani ba ashe ɗan batirin nan, da bai fi maɓallin riga ba, shi yake riƙe da duk abin da Abah ya ajiye a ciki. In an cire shi, komai ya goge. Na zo gida na danna sha bakwai, sai wata ƙara ta fito irin ta motar da ke ja da baya. Sunan Ambu ya ɓace daga ɗan gilashin da ke nuna sunayen sautuka. Na danna mai sunanka, na danna mai sunana, na bi su ɗaya bayan ɗaya har talatin da biyu. Babu ko ɗaya.

Kwana goma sha ɗaya da faruwar haka na rubuto maka labarin mai tumbi. Tsoronka nake ji, kuma na tsani kaina. Mang Oding ya yi kuka da na gaya masa, kada ka riƙe shi. Ni ce.

Ka ce wani abu, ko zagi ne.

Yayarka,
Wulan

A teku, 11 ga Afrilu

Salam.

Wa ya aike ki? Maɓallan nan tun ina firamare suke maƙalewa, Abah ya yi shekara ashirin yana kauce musu, bai taɓa bari wani ya kwance ko noti ɗaya ba. Ke kin fi shi sani. Kullum haka kike, sai kin gyara abin da ba a ce ki gyara ba.

Ban samu jana'izarsa ba, ina Singafo. Abin da nake gaya wa kaina shi ne, in na dawo zan danna maɓalli in ji hannunsa. Kin binne shi karo na biyu, wannan ma ba na nan.

Ki yi yadda kika ga dama da kundin. Ki daina rubuto mini.

Gilang

Bandung, 20 ga Yuni

Gilang ƙanena,

Assalamu alaikum. Ka ce in daina, na daina wata biyu. Ban iya fin haka ba.

Kundin ya fito da waƙoƙi biyar. Kamfani ya ce gajarta ma ado ce. Ranar Asabar da la'asar aka ƙaddamar, zauren ya cika, yara sun sha manyan riguna masu kafaɗa irin na iyayensu, suna ta tsalle. Na tsaya a bayan fiyanon Abah ina danna maɓallai, alhali wayarsa ba a jone ma take ba. Kiɗan daga kwamfuta yake fitowa. Wata yarinya ta rungume ni ta ce mun dawo mata da kakanta. Na yi murmushi. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba.

Sati shida na yi ina ƙoƙarin sake haɗa sha bakwai. A waƙoƙi biyar ɗin babu inda muka taɓa shi, ka ce a adana shi sai ta shida. Kaset ɗin bikin da muke da su duk hayaniya ce da ƙarar cokula. Da kunnena kawai nake lalube, lamba bayan lamba, har na ga kamar na kamo shi. Na kai fiyanon kicin, Ambu tana yanka kabeji, na buga mata.

Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Da daɗi, Neng. Na wane ne?"

Na mayar da shi ɗaki na rufe da zane. Ana ta tambayata yaushe za mu yi wasa mu biyu. Me zan ce musu? Wa'adinka zai ƙare a Agusta. Ka dawo ko don Ambu, ba sai ka yi mini magana ba.

Allah ya kiyaye hanya. Yayarka,
Wulan

A teku, 9 ga Yuli

Teteh,

Wa alaikumus salam.

Ki buɗe durowar ƙasan gadona, akwai littafi mai koren bango. Kafin in tafi, Abah ya ce mini batirin ya tsufa, in zauna in kwafe lambobin kowane sauti a takarda. Sau uku yana faɗa. Na ce sai na dawo.

Na rubuta ɗaya zuwa talatin da biyu a gefen shafi. Iyakar abin da na rubuta ke nan.

Na ƙara wata tara a jirgin. Ba zan iya kallon idonki ba.

Ƙanenki,
Gilang