Layi ɗaya da Baba Zunnuraini ya rubuta

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Manhajata ta tsaya. Ita ce ke aika sunayen motoci da na direbobi daga ofishin ƙungiyarmu na nan bakin iyaka zuwa babbar kwamfutarmu ta Katsina, daga can a ba kowace mota lambar fita. Tun safe ba ta aika ko ɗaya ba. Tirela goma sha huɗu a tsaye, yawanci albasa daga Maraɗi, ga wannan rana. Shugaban ƙungiya, Alhaji Mahmudu, ya leƙo sau uku. "Safara'u, har yanzu?" Na ce saura kaɗan. Ƙarya ce.

Talata, 8 ga Afrilu

Na gano. Mutanen Katsina sun koma sabuwar kwamfuta, amma sunan shafin da manhajata ke aika wa yana nuna tsohon adireshin IP, wato lambobin tsohuwar kwamfutar. Manhaja ta tambayi suna, a tura ta inda babu kowa. Mai gyara sunan ya yi tafiya, sai Juma'a wai.

Sun ba ni sabon adireshin. Na goge sunan a cikin manhaja na sa lambobin. Ta ƙi, wai takardar shaidar tsaro da suna aka yi ta, ba da lamba ba. Na zauna ina kallon allo kamar wata sokuwa.

Wani direba ya ajiye mini albasa ɗaya a tebur, ta fara laushi. Ya juya ya fita. Gara ma ya zage ni.

Laraba, 9 ga Afrilu

Alhaji ya kira Baba Zunnuraini. Shi ne ke kula da kwamfutocin ofishin nan kafin a ɗauke ni bara, aka ce masa ana son mai digiri. Yanzu gyaran waya yake a bakin tasha. Wata goma sha ɗaya ke nan ina zagayawa ta bayan masallaci don kada in bi ta gaban shagonsa.

Ya shigo da sallama, ya ce, "Ɗiyata, mi ya samu biron namu?" Biro, wato ofis. Namu, ya ce.

Na yi bayani. Ya saurara har ƙarshe. Sai ya ce in mayar da sunan yadda yake. Ya buɗe wani ɗan fayil mai suna hosts, ya rubuta sabon adireshin, ya bar fili, ya rubuta sunan shafin a gefensa. Shi ke nan. Ya ce kwamfuta nan take fara dubawa kafin ta tambayi waje, ga sunan bai canza ba, don haka takardar shaida za ta yarda.

Na san fayil ɗin. Mun yi shi a aji biyu a jami'a. Tsoro ne ya toshe mini kai.

Mota ta farko ta fita ƙarfe sha ɗaya da kwata. Direbobi sai hon suke. Alhaji ya fara yi wa Baba godiya, Baba ya ce, "A'a, ita ta gano ciwon, ni layi guda na sa." Da zai tafi ya ce kada in manta in goge layin idan an gyara sunan, in ba haka ba ran da suka sake ƙaura ni kaɗai za a bari a baya.

Alhamdu lillahi. Na yi kuka a bayi, kaɗan.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Filin motoci wayam. Na ci abinci da rana.

Juma'a, 11 ga Afrilu

An gyara sunan. Na goge layin, na gwada sau biyu, lafiya lau. Na rubuta matakan a takarda na manna a jikin bango, da sunan Baba a ƙasa. Ban san ko zai so ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Ranar kasuwa, cunkoso ta bayan masallaci, shi ya sa na bi ta tasha. Baba yana gyaran wata waya, ya turo mini benci da ƙafa. Na ce ina sauri. Na tambaye shi yadda zan sa manhajar ta riƙe adireshi na biyu da kanta, ba sai an taɓa fayil ba. Ya ce in kawo kwamfutar gobe mu duba tare.

Sai da aka kira la'asar na tashi.