Kafaɗar Refilwe

Pretoria

Zuwa ga yayata, Sisi Zanele,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Mama da yara.

Sisi, hankalina ba a kwance yake ba. Oom Gert, babban kocin iyo na jami'armu, zai ajiye aiki bayan gasar jami'o'i ta watan gobe. Shekara tara ina mataimakiyarsa, na nemi kujerar. An raɗa min cewa kwamiti zai duba abin da muka ciwo a gasar kafin ya yanke.

Ga inda matsalar take. Refilwe, yarinyar da ta fi kowa iyon rigingine, kafaɗarta ta dama ta samu matsala. Ni kaɗai na lura, don na ga yadda take cije leɓe in za ta cire riga. Da na tsare ta sai ta kama hannuna tana kuka: "Koci, don Allah ki yi shiru. Wani mai neman 'yan wasa zai zo daga Amurka ya kalle ni a gasar, in ya tafi bai gan ni ba shi ke nan." In ba ta shiga ruwa ba, ba mu da komai. Ko abinci ba na iya ci.

Ki gaida Mama, amma kada ki karanta mata wannan.

Ƙanwarki,
Khethiwe

Pietermaritzburg

Khethi 'yar autarmu,

Muna lafiya. Mama ta ƙwace wasiƙar ta karanta da kanta, kin dai san halinta.

Ke likita ce? Yarinya ta kai shekara ashirin, kafaɗarta ce, ta ce a bar ta, to mene ne naki? Tun kina budurwa kike warin maganin ruwan nan, kina tashi da asuba kina busa usur, in an zo ɗaukar hoto a tura ki gefe. Yanzu abu ya zo bakinki za ki tofar? Ki rufe baki na wata ɗaya tak, ba za ki mutu ba.

Mama kuwa ta ce in rubuta miki cewa ita ma yarinyar uwa gare ta. Na rubuta, amma ba da yawuna ba.

Ki ci abinci, kin ji? Na ba wani direba amasi, kindirmon nan namu, ya kawo miki.

Yayarki,
Zanele

Pretoria

Sisi,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da shirun da na yi.

Na so in bi maganarki, har na yi mako ban ce komai ba. Sai ranar Laraba Refilwe ta gama iyo ta taɓa bango, ta kasa fitowa daga ruwa da hannun, ta jingina tana dariyar ƙarya. Na kai ta wurin likitan ƙungiya. Ya hana ta gasar.

Babanta ya zo har bakin ruwa, a gaban yara ya ce min, "Ke da ba ki taɓa cin komai ba, shi ya sa kike baƙin ciki da 'yata!"  Mun zo na biyar a gasar. A zaman kwamiti an tambaye ni me ya sa ban jira an gama gasa ba. Na ba su amsa.

Ranar Juma'a za su faɗi wanda za su ba kujerar. Ki yi min addu'a ko da kina jin haushina.

Taki,
Khethiwe

Polokwane

Koci,

Barka da aiki. Da hagu nake rubutu, ki yi haƙuri da shi.

An yi min aiki a kafaɗar. Likita bai yi min alkawarin komai ba. Har yanzu ina fushi da ke, ban san ranar da zan daina ba.

Na ji an ba wani mutumin Cape Town kujerar, kuma kina shirin komawa gida. Kada ki tafi tukuna. An ce bayan bikin Ista zan iya gwada shiga ruwa, ni kuwa tsoro nake ji. Ba zan shiga ba sai kina wurin.

Na gaishe ki,
Refilwe