Jajayen Tukwanen Surukina Sun Raba Ni da Jikana

Yaya Leelamma, ki agaza mini, na ɗebo ruwan dafa kaina. Ki yi haƙuri da rubutun, a aji huɗu muka rabu da makaranta, kuma ita ce ta fi murna.

Shekara ashirin da biyu ina yawo da masu shaƙatawa a tafkin Vembanad cikin jirgina mai ɗaki biyu. A cikinsa 'yata Jincy ta koyi tafiya. Ta auri ɗan Ouseppachan, shi ma mai jirgi ne, sai dai ya jera wa nasa jajayen tukwanen kashe gobara har biyar, kullum yana goge su kamar zai kai su gidan miji. Ni kuwa abin da kowa ke yi a mashigarmu nake yi: ranar da mai duba jirage zai zo, in ari biyu wurin maƙwabci in rataya, ya sa hannu ya wuce, in mayar kafin shayi ya huce.

Da Jincy ta haihu sai ta rantse ɗanta ba zai hau jirgina ba, wai rufin ganyen kwakwa, ga murhun gas, ga man inji, kuma babu abin kashe wuta sai bokiti. Na tuna mata ai a kan ruwa muke zaune. Ta yi mini irin kallon uwarta. Shekara guda ke nan yaro yana kafaɗar Ouseppachan yana jan gashin bakinsa, ni sai ɗaga hannu daga nesa kamar ɗan yawon buɗe ido. Alhali hancina ne a fuskar yaron!

Ranar Lahadi aka yi walimar cikarsa shekara, a jirginsu mana. Baƙi suka yi ta yaba tukwanen. Na miƙe na shaida wa jama'a fanko ne, ado kawai, na zare ƙarfen ɗaya na matsa. Yaya, ba fanko ba ce. Farin gari ya rufe soyayyen kifi, da shinkafa, da Ouseppachan tun daga sanƙo. Limamin coci ne kaɗai kayansa ba su sauya launi ba, don dama farare ne. Yaron ya tsala ihu, kuma wurin wancan kakan ya miƙa hannu.

Abin da ya fi ƙona mini rai, mutumin nan dariya ya yi, washegari ma ya aiko a ce in karɓi biyu kyauta. Jincy ta daina ɗaga wayata. In karɓa in zama abin tausayi, ko in sayi shida in wuce shi?

Kakan Gefen Ruwa, Kainakary

Kaka, wasiƙarka ta ba ni dariya, ta kuma ba ni tausayi. Zafin da kake ji na gaske ne, kuma ya kamata Jincy ta riƙa kawo maka yaron gida, tunda gida ba ya iyo. Amma a kan jirgi gaskiya ce da ita. Wutar gas da ta mai, ruwa ƙara musu ƙarfi yake yi, kuma mutanen da kake ɗauka 'ya'yan wasu ne.

Kada ka sayi shida don gasa, kada ka ƙara aro. Je ka ofishin masu duba jirage ka tambayi nawa girman jirginka yake bukata da irin da ya dace. Ka rataya su inda hannu zai kai, kusa da murhu da wurin inji, ka riƙa duba allurar ma'aunin da ke jikinsu da ranar da za su lalace, ka koya wa kukunka da direbanka amfani da su. Kyautar Ouseppachan kana iya maidawa cikin ladabi idan girman kai ya hana ka karɓa, amma ban ga mugunta a cikinta ba.

Kafin duk wannan, akwai nauyi a kanka. Ka cika masa tukunyar da ka zubar, ka kai da hannunka, ka ba shi haƙuri a gaban 'yarka, ba da wasa ba. Wannan ya fi sayen tukwane wuya, na sani. Allah ya ba ka ƙarfin hali, ya raya muku yaron, ku biyun duka.