Kyanwata ce ke fasa kofunan Baba

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, don ni ma na zagi kaina na gaji.

Ina aure a Filinge, muna zaune da mahaifin maigidana. Baba tsoho ne mai son shayi. Kullum bayan la'asar shi ke hura gawayi da kansa, ya dafa wa abokansa a zaure, ya wanke ƙananan kofunansa na gilashi ya jera su a kan dakali su bushe. Tun da ya daina zuwa gona, shayin nan ne kaɗai aikin da ya rage masa.

Ni kuma ina da wata jar kyanwa da na kawo saboda ɓerayen da suka addabi gerona. Fitinanniya ce ta gaske. Sai ta hau tebur, ta sa hannu ta tura abu kaɗan, ta tsaya ta kalle ni, ta ƙara turawa. Kuma ni na lalata ta. Duk lokacin da ta fara, sai in ruga in zuba mata nono don ta sauka. To dabbar da ta gane cewa ture cokali na kawo nono, me zai hana ta ture kofi? Ranar da ta jefa wayar maigida cikin bokitin ruwa, ya rantse in ta sake ɓarna zai sa ta a buhu ya ba direbobin da ke zuwa garin Damana su yar da ita a daji.

Sai kofunan Baba suka fara fashewa. Da idona na gan ta a kan dakali tana ture su, na share gilashin na yi gum. Da maigida ya tambaya, na ce ai hannun Baba ya fara rawa, ƙila bai ajiye su daidai ba. Wallahi bakina ne ya riga hankalina. Na zaci maganar za ta wuce. Ina! Aka sayo wasu, ta fasa. Na ɗaure ta, ta kwance. Na daina ba ta nono, ta ƙara himma kamar wadda aka ɗauka aiki.

Yanzu maigida ya hana Baba taɓa murhu, wai wanda ke sakin kofi wata rana garwashi zai saki a jikinsa. Abokan Baba sun fara komawa wani zauren. Abin da ya fi cin raina shi ne Baba bai yi musu ba, ya yarda. Jiya na kai masa ruwa, ya daɗe yana kallon tafukansa, sannan ya ce, "Ɗiyata, riƙe mini in sha. Hannuwan ga ba su da amana yanzu, kar in hwasa miki."

Na riƙe masa ya sha, alhali na san hannunsa lafiya lau yake.

In na faɗi gaskiya, kyanwa ta tafi daji, maigida kuma ya san matarsa ta yi wa ubansa ƙarya. In na yi shiru, tsoho mai lafiyarsa zai ci gaba da zama ana ba shi ruwa a baki. Jama'a, me zan yi?